Wayar da Ta Tsallake Ɗakina

Ina goyon autana anka kafa falwaya a garinmu, nan gefen Shagari. Na tuna ranar sarai, don har guɗa na yi. Mota ta sauke turakun, maza sunka yi ta haƙa rami, mu mata muna leƙe ta saman darni, kowace na faɗin inda za ta rataya ƙwan lantarki a ɗakinta. Ni tun ranar na zaɓi wurina: saman gado, wajen ƙofa, inda zan miƙa hannu daga kwance in taɓa makunni. Turakun dai ba su yi ƙarya ba, har yau suna tsaye. Wutar ce ba ta zo ba. Wayar da anka ja a kansu ta yi shekaru tsuntsaye na hutawa, daga baya wasu bayin Allah sunka ga tana shan rana a banza sunka kwance ta. Turken ƙofar gidanmu jakin maigidana ya ci moriyarsa, da jakin ya mutu awakina sunka gada.

Ɗakina shi ne ɗakin jinka na ƙarshe a gidan. Duk shekarar da albasa ta yi kyau sai Malam, Allah ya jiƙansa, ya ce bana sai ɗakina za a yi wa kwano. Sai wani ɗa ya tashi aure a ce a fara rufe ɗakin amarya, ko haihuwa ta taso, ko damina ta kayar da katanga. Haka anka yi ta yi har kowa ya shiga ƙarƙashin kwano, ni da na haife su ina ƙarƙashin ciyawa. A ɗakin nan Malam ya cika, kansa a kan ƙafata. Jinkar ba ta taɓa damuna ba, mun saba da juna. Duhu ne ke damuna tun da idona ya fara rauni, sai kuma zafin bazara, wanda duk mutumin ƙasar Sakkwato ya san ba a kwatanta shi ga wanda bai dafu a ciki ba.

Yaron da ke bayana ranar falwaya shi ne ya girma ya tafi Abuja, ya yi aiki a wani babban otal har ya aje tumbi, sannan ya dawo da tunani. Ya durƙusa gabana ya ce zai gina masauki a filin bayan gida, inda Malam ke turke shanu. Ya ja mini kunne kada in ce otal, don kada liman ya ji. Ya ce mutanen birni sun gaji da ƙarar janareta da hayaƙi, suna neman inda za su yi hutu ba tare da sun cuci duniya ba. Na tambaye shi wace cuta ce mai hutu ke yi wa duniya, tun da kwance yake. Ya yi mini dogon bayani, wai duniya ce ke ɗumama. Na ce masa tasu ce ke ɗumama, tamu ta daɗe da tafasa.

Da gini ya tashi sai na ga ikon Allah. Ɗakunan jinka yake yi, kewayayyu, na laka, irin waɗanda ubansa ya ƙare rayuwarsa yana fitar da 'ya'yansa daga ciki. Mai baibaya ma sai da anka yi cigiya, anka samo wani tsoho a Horo Birni wanda ya daɗe da barin sana'ar ya koma sayar da goro. A mota anka ɗauko shi, gidan gaba, kamar ango. Daga waje ɗakunan sak na kakanninmu. Daga ciki kuwa, gado mai laushi, bayan gida mai ruwa, fanka, da ƙwan lantarki da anka ɓoye cikin ƙwarya don kada baƙo ya gan shi ransa ya ɓaci.

Sai sola ta iso. Farantai baƙaƙe masu ƙyalli, anka jera su a kan ƙarafa suna kallon sama, kamar an shanya tabarmin gilashi. Garin duk ya zo kallo. Auta ya bayyana wa dattawa cewa rana za su riƙa sha su mai da ta wuta, ba fetur, ba ƙara, ba a jiran kowa. Wannan kam ya burge ni. Ranar da ta gasa mu tun muna yara, ashe akwai ranar da za a sa ta aiki. Akwai kuma wasu manyan batura masu tara wutar. Su anka yi wa ɗakinsu daban, da ƙofar ƙarfe da kwaɗo, da fanka tasu ta kansu tana juyawa dare da rana, wai ba su son zafi. Na leƙa na gaishe su, na ce Allah ya ba mu irin gatansu.

A nan bakina ya ja mini. An yi suna a maƙwabta, mata cike da tsakar gida, anka hau yi mini barka da arziki. Ni kuma na gyara zama na ce kafin a ga watan azumi fanka za ta juya a ɗakina, duk mai son shan iska ta zo da tabarmarta. Ban tambayi kowa ba kafin in faɗa. Me zan tambaya? Ɗan da na haifa ne, filin mijina ne, ranar kuma ta Allah ce. Cikin masu saurare akwai taubashiyata, 'yar kawuna, wadda anka auro daga Lambara zuwa bayan gidanmu. Tun muna 'yan mata ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba, tsince ta take yi ta adana.

Masu aiki sunka zo jan waya zuwa fitilar bakin titi, wadda za ta haska allon masaukin. Hanyarta ta bangon ɗakina ce. Ina zaune a ƙofa ina kaɗi, ina kallonsu suna buga ƙusa. Na riga na kawar da jeren kwanukana daga wurin da na zaɓa, na share yanar gizo. Waya ta taho, ta zo saitin ƙofata, ta ɗaga sama kaɗan, ta wuce. Ko sallama ba ta yi ba.

Da yamma Auta ya shigo gaisuwa. Na bari ya gama, sannan na ce, “Auta, wagga waya ba ta gajiya? Na ga ta wuce ko ruwa ba ta shigo ta sha ba.”

Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. “Inna, ki gahurce ni. Ɗakinki shi na asali, shi baƙi za su zo gani. In anka sa mishi waya ya zama na kowa.”

Ya ƙara da cewa zai sayo mini babbar tocila. Na ce Allah ya yi albarka. Ban ƙara tayar da maganar ba, don ni ban iya roƙon abin da na haifa sau biyu ba.

Washegari taubashiyata ta yi sallama, ta zauna, ta kwance wani ƙunshi ta miƙo mini. Sabon mafici ne, na kaba, da ado ja da kore. Ta ce gudummawarta ce ga uwar sola, kada hannu ya manta aikinsa kafin fanka ta iso. Daga ranar duk inda munka haɗu, ko a gidan rasuwa ne, sai ta ɗaga hannu ta ɗan fifita fuskarta tana kallona.

Baƙi sunka fara zuwa, wasu daga Abuja, wasu daga Legas, jefi-jefi har da Turawa. Na ga abubuwa. Na ga ƙato da gemunsa yana roƙon a bar shi ya ja guga, alhali ga famfo a ɗakinsa, ya ja rabi ya saki, anka yi ta fama da ƙugiya. Na ga mata sun karɓi taɓarya suna dukan gefen turmi, gero na tsalle, kajina na godiya. Ana kwasarsu zuwa fadama su cire albasa da hannunsu, masu gonar na zaune a inuwa suna sa musu albarka. Wani ya rungumi jaki anka ɗauke su hoto, jakin ne ya fi jin kunya. In sun gama wannan wahala sai su koma ƙarƙashin fanka su sha ruwan firji, suna cewa rayuwar ƙauye akwai natsuwa.

Ƙarshen yawon kullum ɗakina ne. Auta ya shigo da su, ya nuna randa, ya nuna baƙin da hayaƙi ya yi wa jinka, ya nuna aci-balbal ɗin da na daina kunnawa tun kafin ya yi kaciya, shi ya tono ta ya aje a fili. Su yi ta gyaɗa kai. Ni kuma in amsa gaisuwa, don baƙo baƙo ne, ba shi ya tsallake ni ba.

A cikinsu akwai wata Hajiya daga Abuja, Bahaushiya ce, aikinta wai kare muhalli. Ta zo ta sake zuwa. Mace mai fara'a, ba ta zuwa hannu sake, kuma ta iya durƙuso. Bakinta ne ba ya hutawa. Ta ce kakarta ma a irin wannan ɗaki ta rayu. Ta dafa bango ta ce in ji sanyinsa, wai laka numfashi take yi. Ta faɗa wa abokan tafiyarta cewa mutanen da sun fi mu wayo, ba su bukatar fanka. Ranar ƙarshe ta kama hannuna ta ce, “Mama, don Allah kada ki yarda a ɓata miki ɗakin nan da waya. Wallahi da zan samu, nan zan riƙa kwana.” Auta na bayanta yana murmushi, an ba shi gaskiya a gabana.

Na riƙe wannan magana kamar yadda taubashiyata ke riƙe tawa.

A gidanmu akwai al'ada tun zamanin uban Malam. In baƙo mai daraja ya sauka, ba a kai shi zaure. Mai ɗaki ke kwashe shimfiɗarsa ya bar masa ɗakin. Malam ya yi wa malamai matafiya haka, ni ma na yi wa surukai da 'yan'uwan nesa. Kuma ba a ƙi. Wanda ya ƙi, ya ce ke nan ɗakin bai kai matsayinsa ba, kuma garin zai ji.

Hajiya ta dawo tsakiyar bazara, watan Sha'aban ya yi nisa, lokacin da ko kaza buɗe baki take yi tana haki. Bayan la'asar na share ɗaki, na turara shi, na shimfiɗa sabon zanen gado, na cika randa, na dama fura a ƙwaryata mai zane. Na aika anka kira matan unguwa, har da taubashiyata, wai su zo su gaida baƙuwa. Da tsakar gida ta cika, Hajiya na zaune kan tabarma Auta na tsaye, sai na tashi na ɗauki matashina da butata da carbina.

Na ce, “Ɗiyata, kin zo gidanga ba sau ɗaya ba, kin wuce baƙuwar zaure. Abin da kika roƙa na ba ki. Ga ɗaki nan, naki na har ki tashi. Ni zan lallaɓa in kwana inda anka aje ki.”

Mata sunka hau sa albarka, wata tsohuwa har da ƙwalla, ta ce yau ta tuna da Malam. Auta ya so ya hana, sai dai ba a haifi ɗan da zai katse uwarsa gaban matan unguwa ba. Hajiya ta dubi ƙofar ɗakin, ta dubi rana, ta dube ni. Ta yi godiya da wata 'yar siririyar murya. Taubashiyata ta miƙe ta ɗauko maficin nan ta sa mata a hannu.

Ba zan ɓoye ba, ɗakin baƙin nan akwai daɗi. Na kwanta fanka na shafa ni tun daga ƙafa har ka. Na kunna ƙwai na kashe, na kunna na kashe, har na gaji don kaina. Na ga zaren carbina ya kusa tsinkewa, abin da ban gani ba sai ranar. Barcin da na yi saura kaɗan asuba ta wuce ni.

Da gari ya waye na taka zuwa gaida baƙuwata. Na same ta a waje, gindin dogonyaro, kan tabarmar awaki, ido ja, ɗankwali a hannu, maficin ya karye a wuya. Matar babban ɗana ta raɗa mini cewa tun kafin tsakar dare ta fito, bayan gara ta zubo mata daga jinka kuma wani abu ya bi ta kan ƙafarta. Wayarta ta hannu ma ta mutu, ba wurin caji. Na durƙusa na tambaye ta kwanan baƙunta, na ce ina fata laka ta yi numfashi. A raina na ce shi ke nan, yau da bakinta za ta sa a ja mini waya.

Ashe ban san mutanen birni ba. Hajiya ta wanke fuska, ta sha ruwan sanyi, ta yi caji a ofishin Auta, sannan ta dawo ta tsaya ƙofar ɗakina ta ɗaga waya tana magana da ita. Ta ce a rayuwarta ba ta taɓa kwana mai ma'ana irin na jiya ba. Ta ce wata dattijuwa ta bar mata ɗakinta bisa al'adar iyaye, ta ji ta haɗu da kakanninta. Ta yi kuka ma. Ban ji ta ambaci tabarmar awaki ba.

Kafin Juma'a ta zagayo wayar Auta ba ta hutawa. Kowa ɗakin Inna yake so, kuma so yake a ba shi kamar yadda anka ba Hajiya, da fura da turare da tsohuwa ɗauke da matashi. Auta ya zo fuskarsa kamar an ba shi sarauta. Ya ce Allah ya sa albarka a dabarata, in ci gaba da zama a ɗakin baƙi, ga wuta ga fanka, ba abin da nake so ke nan ba? Na haƙa ramin da kaina, ina zan ce ƙasar ta yi tauri.

Zaman ɗakin baƙi na kwana ɗaya ne ke da daɗi. Ba a kunna garwashi a ciki, don haka ba turare. Ba wurin jere. Gadon ya yi tsawo, sai na yi dabara nake hawa. Akuyata mai ciki da ta saba leƙo ni da safe maigadi ya kore ta. Matan unguwa ba su iya ratsa maza baƙi masu gajeren wando su zo hira, jikoki kuma an hana su shiga kada su yi surutu. Ina zaune ni kaɗai da fanka, ita tana juya kai hagu da dama kamar mai ƙin magana. Daga taga ina hango wani mutum da ban san ubansa ba yana fitowa daga ɗakin da Malam ya cika, yana miƙa, buroshi a baki. Taubashiyata ta aiko a gaya mini ta ji an yi mini ƙarin girma, na tashi daga mai ɗaki na koma 'yar haya. Ta ce kuma ita dai a ɗakina anka yi mata alkawarin iska, ba a otal ba.

Ta faɗi gaskiya, shi ya sa ta yi zafi. Wuta a ɗakina na ce, ba ni a ɗakin wuta ba.

Ranar kasuwar Bodinga na sa anka kama ragon da nake kiwo don layya, na shiga mota da shi. Ban gaya wa kowa dalili ba. Na sayar, na nufi rumfar masu kayan wuta, inda ake tara rediyo da tocila. Mai rumfar ya nuna mini ƙaramar sola irin wadda Fulani ke ɗorawa a kan bukka, faranti guda da ƙwai da 'yar fanka kamar faifai. Ya fara yi mini bayanin ƙarfinta. Na ce ba ƙarfi na zo saye ba, ya ba ni wadda ta fi ƙyalli, wadda za a hango daga nesa. Ya ɗauko wata mai bakin azurfa da jar waya, na ce ita.

Na dawo na tarar baƙon ya tafi, ana gyara ɗakin don wasu da za su iso washegari. Na shiga da matashina na aje a mazauninsa. Tsohon nan na Horo Birni yana gidan, ya zo gyaran wata jinka. Na ce ya hau ya ɗaure mini farantin can ƙololuwar ɗaki, ya fuskanci masauki, daidai inda baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto. Na zaci zai ce zan ɓata masa aiki. Sai ya yi dariya ya ce shi ma da abin da ya samu a aikin nan kwano ya rufa wa ɗakinsa. Ya ɗaure shi tam, jar wayar ta sauko ta kan ciyawa kamar an yanka kaza a sama.

Auta ya hango ƙyallin tun daga ofis. Ya iso yana haki, ya tsaya ya daɗe yana kallon sama, sannan ya tuna ya durƙusa.

“Inna, mi na yi miki? Gobe baƙi na tahe, wanga ɗaki sunka biya.”

“Su zo, ina marhabin da su. Su same ni ciki.”

“To a sauke wancan abu, don Allah. Ya ɓata hoto.”

“Rana ce nika sha, Auta, ba hetur ba. Ba ka ce haka duniya ka so ba?”

Ya kawo maganar Hajiya, ya kawo maganar asali, ya ce mutane daga nesa suke zuwa. Na ce masa daga nesa ni ma na taho, tun yana bayana nake kan hanya. Na nuna masa wurin da ke saman gado, na gaya masa ranar da na zaɓe shi, abin da ban taɓa gaya wa kowa a gidan ba. Ya dubi wurin, ya dubi ƙasa, sannan ya ce gobe za a ja mini waya, ni kuma in sauke farantin. Yaron ba mugu ba ne, Abuja ce ta koya masa kallon ɗakin uwarsa ta cikin waya.

Da safe masu aiki sunka zo. Sunka tona ƙasa sunka binne waya tun daga ɗakin batura har gindin gadona, don kada a gan ta daga waje. Sunka kawo fanka ta tsaye, babba, ƙanwar ta baturan. Da sunka zo sa ƙwai sai ɗaya ya ɗauko ƙwarya zai rufe shi. Na ce ya mai da ƙwaryarsa, ƙwaina tsirara nake son ganinsa. Baƙin ranar an ba su haƙuri, an ce Inna ba ta jin daɗi. Daren da anka ga wata, na miƙa hannu daga kwance na taɓa makunni.

Auta ya tuna mini alkawarin sauke farantin. Na ce ban yi alkawari ba, shi ya yi magana ni na saurara. Na taɓa ganin waya ta zo garin nan da guɗa, na ga yadda ta ƙare. Sai na ga kamun ludayin wannan tukuna. Har yau yana can sama yana ƙyalli, baƙi na karkata waya don su kauce masa.

Bayan salla Auta ya gina wani ɗakin can ƙarshen fili. Ya sa anka yi ta ƙona kara a ciki har jinkar ta yi baƙi, ya aro aci-balbal ɗina da tsohuwar randar da ta tsage, ya ce shi ne ɗakin Inna. Ba waya, ba fanka, kuma shi ya fi kowane ɗaki tsada. Wani lokaci baƙi kan biyo da safe, ido ja, su durƙusa su gode mini da na bar musu ɗakina. Nakan ce ba komai, yi wa kai ne.

Taubashiyata kuwa, tun azahar ta farkon azumin nan ta yi sallama da tabarmarta a hammata. Ko barka ba ta ce ba. Ta shimfiɗa a gaban fanka, daidai inda iska ta fi bugawa, ta tura ni gefen randa. Har yau haka take yi duk bazara. Takan kwanta ta rufe ido, can sai ta ɗaga kai ta ce in ƙara mata lamba, wai uwar sola guda amma rowar iska nake yi.